Tsakaninmu Mata: Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda?

Wasiƙar wannan watan ta wata ƙanwata ce da aka sa wa rana, wai ta yi fushi da angon nata har tana neman a mayar masa da kayansa. Zai tafi Umara ya ce mata tafiyar awa 4 da rabi ce. Da ta leƙa tikitinsa sai ta ga tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare, sauka Jidda 4:30 na asuba. Ta ƙirga ta ga awa 6 da rabi. Wai ina zai tsaya na awa 2, kuma gun wa?

Haba ƙanwata! Wallahi bawan Allahn nan bai yi miki ƙarya ba. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, jirgin da ya miƙe kai tsaye kuwa yakan cinye su cikin awa 4 da rabi zuwa 5. Abin da ya rikita ki agogo ne. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, kuma kowane lokaci da aka rubuta a tikiti na garin da aka ambata ne. Kin ga ke nan sa'ad da agogonsu ya buga 4:30, naki na nan ɗaki 2:30 yake nunawa. Ranar dawowa ma ki duba, za ki ga kamar awa 2 da rabi kacal ya yi a sama, sai ki ce aljanu ne suka ɗauko shi.

Kuma don Allah ku daina tsare waya da zarar lokacin sauka ya yi. Akwai layin duba fasfo, ga jiran kaya, ga tafiyar mota ta kusan kilomita 100 zuwa Makka, mutum yana cikin harami a gajiye. In kuwa ta Alƙahira ko Adis Ababa ya bi, to zaman jiran wani jirgin kaɗai yana iya fin tafiyar tsawo.

Hanyar ma takan canja. A watan Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazanmu na shekarar suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da wajen awa 2.

Ni dai in na tuna kakanninmu sai jikina ya yi sanyi. A ƙafa suke bi ta Borno da Chadi su ratsa Sudan, su hau jirgin ruwa a Sawakin su ƙetare Bahar Maliya. Wani sai ya shekara 7 bai dawo ba, wasu ma can Sudan suka zauna, jikokinsu na nan har yau suna jin Hausa. Matansu da aka bari gida ko wasiƙa ba sa gani.

Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, sai dai a riƙa gyara rubutu don in iya karantawa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.