Kafin ka ɓoye roba a Jimeta, fara gaida Mai Unguwa

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Tun ranar da na ɗora hoton 'yar robar da muka gano a gindin dutse ake ta tambayata wane irin wasa ne wannan, wasu kuma har sun ce za su fara ɓoye nasu. Wannan magana ta biyu ce ta sa na zauna rubutu, don akwai abin da ya same ni wanda ba na so ya sami wani.

Sunan wasan Geocaching. Wani zai ɓoye ƙaramin mazubi a wani wuri, ya ɗauki lambobin wurin da GPS, ya sa a intanet. Kai kuma ka bi lambobin da wayarka har ka gano shi. A ciki akwai takardar da za ka sa suna da kwanan wata, wani lokaci da 'yan tarkacen musaya. Ka gama ka mayar da shi inda ka ɗauko. Shi ke nan wasan.

Asalinsa daga Amurka ne. Kafin shekarar 2000 gwamnatinsu da gangan take dagula siginar GPS da farar hula ke samu, har kuskuren yakan kai mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 aka cire wannan takunkumi. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin don a gwada ko GPS ɗin ya gyaru da gaske. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching. Yau akwai irin waɗannan ɓoyayyun mazubai sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Ni digiri na biyu nake yi a fannin labarin ƙasa, kuma dalilin da ya sa nake son wasan a fili yake. Da yawanmu mun zo daga Kano, Gombe, Sakkwato ko Maiduguri, za mu yi shekaru a garin nan amma iya saninmu bai wuce ɗakin kwana, aji, kasuwar Jimeta da tashar mota ba. Akwai wanda zai gama MAU ko AUN bai taɓa tsayawa bakin tafkin Gerio ba, bai taka duwatsun Bagale ba duk da kullum yana hango su, bai je ya ga ƙofar fadar Lamiɗo a garin da Modibbo Adama ya kafa tun 1841 ba. Wasan nan yana fitar da kai, kuma yana koya maka karanta taswira ba tare da malami ya tsaya a kanka ba.

To ga abin da ya faru. Wata Asabar cikin hunturu mu uku muka shiga Keke zuwa wata unguwa a Jimeta. Na riga na kalli bidiyoyin Turawa a YouTube, don haka na samo roba na naɗe ta da baƙin salatif don kada ta yi ƙyalli. Muka sami wata bishiya mai kogo kusa da filin ƙwallo. Ɗaya yana riƙe da waya yana kallon lambobi, ɗaya yana waige-waige ko ana ganinmu, ni kuma na durƙusa ina cusa abin cikin kogon. Ku tsaya ku hango hoton nan da idon wanda bai san mu ba.

Wata mai awara ce ta fara ganinmu. Kafin mu kai bakin titi matasa sun zagaye mu, wasu da gora a hannu. Allah ya taimake mu akwai wani ɗan banga mai sanyin kai a cikinsu, shi ya ce kada kowa ya taɓa mu, a kai mu wajen Mai Unguwa. Ni aka sa na je na ɗauko robar da hannuna, kowa ya ja da baya, na buɗe. Takarda mai sunayenmu, biro, maƙalin makulli guda biyu.

Mai Unguwa ya daɗe yana jujjuya takardar. Na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne, a duniya ma ana yi." Ya ce, "Ɗana, a wace shekara ka zo garin nan?" Na faɗa masa. Ya ce, "To ba ka nan lokacin da muke kwasar mutanenmu." Wani dattijo a gefe ya ƙara da cewa shi ko da aka buɗe ma hankalinsa bai kwanta ba, don takarda mai sunayen mutane a kogon bishiya ya san abin da ake kiranta tun yana yaro.

Wallahi ban sami abin cewa ba, don gaskiya suka faɗa. A shekarar 2015 kaɗai bam ya tashi a kasuwar Jimeta ranar 4 ga Yuni, ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu ranar 23 ga Oktoba, ya sake tashi ranar 17 ga Nuwamba inda sama da mutum 30 suka rasu. Mutanen da suka zagaye mu ba jahilci ne ya taso su ba. Abin da aka yi ta roƙon jama'a su yi ke nan: ka ga an ajiye abin da ba ka gane ba, ka yi magana. Mu ne muka ɗauko wasa daga wata ƙasa muka dire shi ba tare da mun tambayi garin ba. Ko a Ingila ma, a watan Yulin 2011, an rufe tsakiyar garin Wetherby aka kira sojojin kwance bam saboda irin wannan roba. To ina ga nan?

Don haka ra'ayina shi ne: a Yola da Jimeta ladabin wasan nan yana farawa ne daga mutanen da ke zaune a wurin, kafin a zo maganar 'yan wasa. Ga yadda muke yi yanzu.

1. Izini tukuna. Dokar shafin Geocaching kanta ta ce sai da yardar mai wuri, kuma akwai masu sa kai da ke duba kowane sabon wuri kafin a wallafa shi. Amma mai dubawar ba ya zaune a unguwar. Ka je da ƙafarka wajen mai filin, ka gaida Mai Unguwa, ka nuna wa mai gadi ko 'yan banga robar a buɗe. In cikin makaranta ne, ka rubuta wa sashen tsaro da ofishin harkokin ɗalibai, ka riƙe kwafin amsarsu a waya. In an ce a'a, magana ta ƙare.

2. Akwai wuraren da ko da izini bai kamata ba. Kasuwa, tasha, masallaci, coci, makarantar yara, asibiti, bariki, caji ofis, filin jirgi, gindin taransifoma, maƙabarta, da ƙarƙashin gadar Binuwai. Wanda ya ba ka izini yau ba shi zai ga baƙo yana laluben wurin bayan wata uku ba.

3. Mazubin ya zama wanda ake ganin cikinsa. Farar roba mai murfi, irin ta ajiye abinci. Ban da baƙin salatif, ban da guntun fayif, ban da waya ko batir a ciki. A jikinta ka rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa da Fulatanci da Turanci, cewa kayan wasa ne babu haɗari, ka sa lambar da za a kira. Kada ka binne. Dokar wasan ta hana tona rami, mu kuma muna da ƙarin dalili, don duk wanda ya tono takarda mai sunaye a ƙasa sammu zai fara kawowa a ransa. Saboda haka ma a takardar laƙabi muke sawa, ba cikakken suna ba.

4. Abin da ake sawa a ciki. Ban da abinci, magani, ashana, wuƙa ko reza, don yaro zai iya riga ka gano ta. Alawa ma kada ka sa, zafin garin nan zai narkar da ita tururuwa su cika robar. In ka ɗauki abu, ka ajiye wanda ya kai shi ko ya fi shi. Ka ɗauke maƙalin makulli ka bar murfin lemo, ai ka ci amana.

5. Ka duba lambobinka sau biyu kafin ka wallafa. Muna wajen digiri 9 arewa, digiri 12 gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, ke nan in ka kuskure lamba ta uku bayan ɗigo da guda ɗaya kacal, ka tura mutum mita 111 daga inda kake nufi. A Jimeta wannan tsakar gidan wani ne. Ka tsaya a wurin ka ɗauki lambobin sau uku ko huɗu, in da hali a ranaku daban. Kuma dokar shafin ita ce tsakanin mazubi da mazubi a bar aƙalla mita 161.

6. In kai ne mai nema, ka je da rana, ka yi sallama. 'Yan wasa a waje suna ba da shawarar a yi a ɓoye kada waɗanda ba sa wasan su gani. A nan wannan shawarar ce za ta jawo maka duka. Ka gaida mai shayi ko mai faci da ke kusa, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Waya mai kyau a fili takan yi kuskuren mita 5 ko makamancin haka, a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin gine-gine ya fi haka, don haka in ka matso sai ka sa ta a aljihu ka yi aiki da ido. Dama tafiya da waya a tafin hannu a wasu lungunan gayyatar 'yan Shila ce. Kada ka zura hannu a rami sai ka fara tura sanda, kunama ba ta san wasa ba. Kada ka haura katanga, kada ka ratsa gonar mutane. 'Yan uwanmu mata, ku fita ku uku ko huɗu, kuma kada kowa, mace ko namiji, ya wallafa lambobin gidansu ko ɗakin kwanansa.

7. Ka san lokacin garin. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, wanda zai hau Bagale ya fita da sassafe da ruwan sha. Da damina kuma ka tuna ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Robar da ka ajiye a fadama ko bakin kogi ta zama shara a gonar wani.

8. Gaskiya a rajista. In ba ka samu ba, ka rubuta ba ka samu ba. Ba abin kunya ba ne, kuma ta haka mai ita zai gane ko ta ɓace. In ka samu, ka mayar da ita daidai yadda take, ka rufe murfin da kyau, kada ka ɗora hoton da zai tona wurin. Ka tafi da leda ka kwaso sharar da ka gani a hanya, al'ada ce ta 'yan wasan a ko'ina. Mai ɓoyewa kuma, robarka amana ce a wuyanka. Ranar da ka kare kundinka za ka koma gida, ka je ka ɗauke ta ko ka damƙa wa wani a gaban waɗanda suka ba ka izini.

Na san wani zai ce in kowa a unguwa ya san inda abin yake, ina daɗin? Ni ma haka na ɗauka. Amma mai nema daga Girei ko daga cikin Yola bai sani ba, shi ne kuma ake ɓoye wa. Bayan sati biyu da abin da ya faru mun koma wajen Mai Unguwar nan da goro da farar roba. Ya yarda, da sharaɗin a canza wuri, kuma mai shayin bakin filin ya san da ita. Har yau tana nan. Mai shayin ne ma yake hana yara ɗauka, kuma in ya ga baƙo yana zagaye da waya sai ya yi ta dariya ya ƙi faɗa masa komai.

Wanda kuma duk wannan ya yi masa yawa, akwai nau'in wasan da babu mazubi sam. Tun 2004 ake yin EarthCache, inda lambobin za su kai ka wajen wani dutse ko gaɓar kogi, ka duba da idonka ka amsa tambaya a kan yadda wurin ya samu. Ni a ganina da irin wannan ya kamata sababbi su fara a jihar nan, ko da a tsakaninmu ne a zauren WhatsApp. Duwatsu da kogi dai Allah ya hore mana su.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu za mu fita bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Mai sha'awa ya yi min magana kafin Alhamis, ya zo da biro, ruwa, takalmi mai rufi da katin shaidarsa na makaranta. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya ƙara wa garin nan zaman lafiya.