INA MAKARANTAR YARON DA AKA BARI A ƊAKI?

Kowace safiya in an kaɗa ƙararrawa mukan taru a fili, malamai da ɗalibai, a kira suna kowa ya amsa. Amma akwai yaran da ba a taɓa rubuta sunansu a rajistar kowace makaranta ba. A unguwarmu akwai wata yarinya mai kimanin shekara 9. Shawara ta kama ta kwana kaɗan bayan haihuwa, ba a kai ta asibiti da wuri ba, ciwon ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Yanzu ba ta iya zama sai an tokare ta, ba ta magana, ba ta kuma ji sosai. Uwarta ta goya ta zuwa makarantar firamare, aka ce babu malamin da zai iya da ita. Ta kai ta wata makarantar kurame, aka ce su yaran da ke iya tafiya da ciyar da kansu suke ɗauka. Daga nan aka komar da ita ɗaki, can take har yau.

Ba za mu ce ba a yi kome domin naƙasassu a ƙasar nan ba. A 1953 mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, inda yara suka koyi karatu da yatsa ta rubutun Braille. A 1960 Andrew Foster, wani baƙar fata daga Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya kafa makarantar kurame a Ibadan. A 1977 gwamnatin tarayya ta buɗe kwalejin horar da malaman ilimi na musamman a Oyo. Waɗannan ayyuka sun fitar da mutane da yawa daga bara, wasunsu har sun zama malamai.

Sai dai yawancin makarantun nan an shirya su ne domin naƙasa guda ɗaya. Makaho yana da wurinsa, kurma yana da nasa. To, yaron da ba ya gani kuma ba ya ji fa? Yaron da jikinsa ya shanye, yana kuma farfaɗiya? Wanda shekarunsa 12 amma fahimtarsa ta ɗan shekara 3 ce? Irin waɗannan yara ba baƙi ba ne a garuruwanmu. Doguwar naƙuda, da shawara, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da ƙyanda, da sanƙarau duk suna iya barin yaro haka. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wasu da suka tsira daga ita sun tashi ba ji, wasu kuma da raunin ƙwaƙwalwa. Wannan ba aikin mayu ba ne, ba kuma alhakin iyaye ba ne. Ciwo ne da likitoci suka san sunansa.

Wasu za su ce ai zamanin ware yara ya wuce. Gaskiya ne a taron Salamanca na ƙasar Sifen a 1994 ƙasashe sun amince cewa ya kamata yara su yi karatu tare, mai naƙasa da marar naƙasa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019 ma ta ce makarantun gwamnati su buɗe ƙofa ga kowa, su kuma samu ma'aikacin da aka horar domin wannan aiki. Mun yarda da haka. Gurgu mai keke ba ya bukatar wata makaranta dabam, abin da yake bukata shi ne a gyara masa matakala da bayan gida. Amma mu da ke riƙe da alli mun san ajin da yara suka cika har wasu suna zaune a ƙasa. In aka kwantar da yarinyar nan a bayan irin wannan aji, an canza mata ɗaki ne kawai. Takardar Salamanca ɗin kanta ta yarda cewa wasu yara, musamman kurame da waɗanda ba sa ji ba sa gani, sun fi amfana a makaranta ko aji na musamman.

Me irin wannan makaranta take bukata? Na farko, yara kaɗan a hannun kowane malami, tare da mataimaki. Na biyu, darasin da aka tsara wa kowane yaro shi kaɗai. Jarrabawar wani ita ce ya riƙe cokali, ta wani kuma ya nuna hoton kofi in yana jin ƙishi. Na uku, mai gyaran gaɓoɓi da nas da za su riƙa duba yaran, da kujerun da ke tallafe kai da baya, waɗanda kafintan gari zai iya yi in an nuna masa. Na huɗu, a koya wa iyaye abin da ake yi a aji domin su ci gaba a gida.

Za a ce wannan abu ne mai tsada, kuma me yaron zai zama? Tsada kam akwai ta. Amma barin sa a ɗaki ma ba kyauta ba ne. Uwa ta bar kasuwa, yayar yaron ta bar makaranta domin reno, gida duka ya shiga talauci. Game da abin da zai zama kuwa, mu tuna da Helen Keller ta Amurka, wadda ta rasa gani da ji tun ba ta kai shekara 2 ba. A 1887 aka kawo mata malama guda, Anne Sullivan, ta riƙa rubuta mata kalmomi a tafin hannu. A 1904 ta gama karatun digiri. Ba kowane yaro ne zai kai nan ba, mun sani. Amma yaron da ya koyi faɗin inda yake masa ciwo ya sami abin da ya fi takardar shaida a wurinsa da wurin uwarsa.

Saboda haka muna roƙon gwamnatocin jihohi su buɗe ajin irin waɗannan yara a cikin makarantun musamman da suke da su, su daina mayar da su daga bakin ƙofa. Shugabannin ikkilisiya kuma, muna da ɗakunan da ke rufe daga Litinin zuwa Jumma'a. Ɗaki guda da malami guda mai horo sun isa a fara, da sannu-sannu kwana nesa. Ku kuma ɗalibanmu masu fita bana, kowa yana so ya zama likita ko lauya. Muna fata a cikinku a sami ko mutum biyu da za su nemi karatun ilimi na musamman a Oyo ko a Jami'ar Jos. Kafin nan, in kun je hutu, ku tambaya a unguwarku ko akwai yaron da ba a fitowa da shi. Ku gai da iyayensa, ku tambayi sunansa, ku kawo mana labari.