MAHAƊA KO YANKI? GARDAMAR MASU ZANA HANYOYIN INTANET

Akwai wata gardama tsakanin injiniyoyin intanet wadda ya kamata malamai da akawuna su fahimta, gama ita ke yanke ko saƙo zai bi gajeriyar hanya ko kuwa zai yi dogon zagaye.

Intanet dai yankuna ne dubbai, kowanne da mai shi, ko kamfanin waya ko jami'a ko gwamnati. Kowane yanki yana da lambarsa, da dokarsa a kan wanda zai ratsa shi da abin da zai biya. Ban da yankuna kuma akwai mahaɗa, watau wurin da masu yankuna su ke kawo wayoyinsu su haɗu, kamar yadda fatake ke haɗuwa a kasuwa. Irinta ce LINX ta birnin Landan, wadda aka kafa a 1994, da IXPN da aka kafa a Ikko a 2006. Jami'o'i ma suna da tasu, kamar StarLight ta birnin Chicago a Amurka.

To, na'urar da ke zaɓen hanya ba ta san kome ba sai taswirar da aka ba ta. Yaya za a zana mata mahaɗa?

Waɗansu sun ce a zana ta yanki kamar sauran, tun da ita ma tana da mai kula da ita. Aibin wannan a fili ya ke. Ƙa'idar BGP, wadda yankuna ke sanar da juna hanyoyi da ita, takan ƙidaya yankunan da saƙo zai ratsa, ta kuwa fi son hanyar da ba ta da yawansu. In an ƙidaya mahaɗa, sai hanyarta ta ƙara tsawo a lissafi, har na'ura ta bar ta, ta bi wadda za a biya kuɗi. Saboda haka ne ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idodin intanet, ta ba da shawara a 2016 kada na'urar mahaɗa ta sa lambarta cikin jerin.

Waɗansu kuwa sun ce a zana ta ɗigo kurum, kowa ya wuce. Wannan ma da saura. Kowace ƙofar mahaɗa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Lambobin da a ke rarrabe hanyoyi da su a waya guda 4,094 ne, kuma in mahaɗar ba ta iya musanya lamba, dole yankuna biyu su sami lamba ɗaya wadda ba kowa a kanta. In an ɓoye wa na'ura wannan, sai ta zaɓo hanya mai kyau a takarda wadda ba ta biyuwa.

A ganinmu tambayoyi biyu ne aka cuɗa. Ta fari, wa ke ba da izinin wucewa? Ta biyu, akwai wurin wucewar? Wajen izini kada a ƙidaya mahaɗa, gama yardar masu yankunan nan biyu ta isa. Wajen wuri kuwa a rubuta ƙofofinta da lambobinta duka, kamar na kowane yanki.

Amma fa da sharaɗi. Ran da mai mahaɗa ya fara zaɓen wanda zai haɗu da wani, ya zama mai yanki, sai a zana shi haka.