Wayar Hannu da Masu Murmurewa Daga Taɓin Hankali

Ranar da aka sallami mai taɓin hankali daga asibiti, danginsa sukan yi murna, su ce ya warke. Likitoci ba su cika saurin faɗin haka ba. Sun san cewa a asibiti kwantar da ciwon ake yi, murmurewa kuwa sai a gida, kuma takan ɗauki watanni, wani lokaci ma shekaru. A cikin wannan dogon lokaci ne ake rasa mutane da yawa. Wani yakan daina shan magani don ya ji sauƙi. Wani ya daina don maganin yana sa shi yawan barci, ko rawar hannu, ko sanƙarewar wuya. Wani kuma kuɗin motar komawa asibiti ne yake gagararsa. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo, sai a ce ai dama wannan ba ciwon asibiti ba ne, aikin aljanu ne ko sammu. Daga nan sai a nufi gidan mari.

A ganina, a wannan lokaci na bayan sallama ne fasahar zamani take da babban aiki. Idan na ce fasaha, ba wata tsadaddiyar na'ura nake nufi ba. Ina nufin wayar hannun nan da ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, wadda yanzu take aljihun ɗan acaɓa da mai kayan miya da manomi.

Mu duba nisan da ke tsakanin majinyaci da likitansa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya suna cikin birane ko kusa da su: Yaba a Legas, Aro a Abeokuta, Uselu a Benin, Barnawa a Kaduna, Kware kusa da Sakkwato, sai na Enugu da Kalaba da Maiduguri. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha bayyana cewa ƙwararrun da ke aiki a nan gida ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Ke nan likita ɗaya yana da mutum sama da rabin miliyan. Wanda yake zaune a ƙauye zai kwana a hanya kafin ya ga likitan da zai yi magana da shi na 'yan mintoci. Kuma ba ya tafiya shi kaɗai, dole wani ya bar gonarsa ko shagonsa ya raka shi. Iyali nawa ne za su iya wannan kowane wata?

Waya tana rage wannan nisa, kuma hanyar da ta fi amfani ita ce wadda ba a cika maganarta ba. A kusan kowace mazaɓa akwai ƙaramin asibiti na sha-ka-tafi, inda ake riga-kafi da awon ciki. Ma'aikaciyar lafiyar da ke wurin ta san mutanen garin, tana kuma jin harshensu. Abin da ta rasa shi ne ilimin ciwon ƙwaƙwalwa da wanda za ta tambaya idan abu ya shige mata duhu. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na horar da irin waɗannan ma'aikata, su iya gane ciwon damuwa mai tsanani da farfaɗiya da taɓin hankali, su kuma fara ba da magani. A 2017 aka mayar da littafin jagoran shirin ya zama manhajar da ake saukewa a waya kyauta. A Jami'ar Ibadan, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada irin wannan tsari a ƙananan asibitocin Jihar Oyo: ma'aikaciyar lafiya tana duba majinyaci, idan ta ga abin da ya fi ƙarfinta sai ta kira likita ta waya, ya ba ta shawara. Majinyacin bai hau mota ba, amma ilimin likitan ya iske shi.

Haka ma iyali. Ciwon taɓin hankali ba ya faɗowa kwatsam kamar aradu, yakan aiko da alamu. Mutum ya daina barci dare biyu ko uku. Ya daina wanka, ya ƙaurace wa mutane, ya fara zargin ana zuba masa guba a abinci. Uwar da ta ga haka, idan tana da lambar da za ta kira, za a iya gyara maganin kafin al'amari ya ɓaci. Idan ba ta da ita, sai ta zuba ido har ranar da za a tara majiya ƙarfi su ɗaure ɗanta. Saƙon tunatarwa ma yana da rana. Wasu majinyata allura ake yi musu kusan sau ɗaya a wata maimakon ƙwayoyi, kuma mantuwa kaɗai tana iya sa ranar ta wuce.

Wannan tunani na kai jinya cikin jama'a ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar nan aka yi masa suna. A shekarar 1954 wani likita ɗan Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani sabon tsari a Aro. Maimakon a kulle majinyata a ɗakunan asibiti, sai aka sama musu masauki a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowane majinyaci tare da wani danginsa. Da rana su je asibiti a duba su, daga baya su koma cikin mutane, su ci abinci irin na gida, su ji hayaniyar yara. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya san su jama'a suka yarda da su. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gano shi ne mutum ya fi murmurewa a tsakiyar mutane. Ƙauyukan Lambo dole su kasance kusa da asibiti, don a ƙafa ake zuwa. Da waya, ƙauyen majinyaci na asali yana iya zama tamkar ƙauyen Aro.

Da wannan ma'auni nake auna manhajojin da suka cika intanet, masu alkawarin kwantar da hankali da maganin damuwa. Suna da yawa ƙwarai, amma kaɗan ne aka gwada aka tabbatar da amfaninsu. Bincike ya kuma nuna cewa mafi yawan masu sauke su sukan watsar da su cikin 'yan makonni. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ɗaya daga cikin alamun ciwon damuwa mai tsanani shi ne mutuwar jiki da rashin sha'awar komai. Wanda tashi daga gado yake yi wa wuya, ta yaya zai dage da darasin da babu mai tambayarsa ko ya yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wata manhaja a ƙasar Labanan, a tsakanin 'yan ƙasar da 'yan gudun hijirar Siriya, kuma an ga ta rage damuwa. Amma a lura da yadda aka tsara ta: darasi biyar ne cikin labari mai hotuna, kuma kowane mako wani mataimaki da aka horar yakan tuntuɓi majinyaci na kimanin minti 15, ya ji yadda yake. Wato har a nan ma an ajiye mutum a ɗaya gefen.

A matsayina na malamin harshe, akwai abin da ya fi damuna. Galibin waɗannan manhajoji da Turanci suke, kuma sai wanda ya iya karatu. Alhali ciwon zuciya da harshen uwa ake faɗinsa. Bahaushe zai ce zuciyarsa ta yi baƙi, ko tunani ya yi masa yawa, ko kansa yana zafi. Wanda bai san harshen ba zai ba shi maganin ciwon kai ya sallame shi. Sannan kalmomin da muke da su na yau da kullum masu nauyi ne. Bahaushe ya ce mahaukaci, Bayarabe ya ce wèrè, a Ibo a ce onye ara, kuma duk ukun zagi ne. Babu wanda zai buɗe manhajar da ta kira shi da ɗayansu. Saboda haka nake ganin saƙon murya ya fi rubutu dacewa da mu, kuma aikin nemo kalmomi masu mutunci yana kan malaman harsuna kamar yadda yake kan likitoci. Ɗalibin da yake koyon Hausa a Owerri ko Akure yau, wataƙila shi ne zai yi bautar ƙasa a wani asibiti a Katsina gobe.

Waya tana da nata sharrin, kuma bai kamata a rufe shi ba. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana hannun maigida ko babban wa. Saƙon da ya iso ɗauke da sunan asibitin ƙwaƙwalwa yana iya tona asirin budurwa, har a fasa aurenta. Dole a nemi izinin majinyaci kafin a aika, a kuma tsara saƙon yadda baƙon ido ba zai gane ba. Kamfanoni ma ba duka ne abin amincewa ba. A shekarar 2023 wani kamfanin ba da shawara ta intanet a Amurka, mai suna BetterHelp, ya amince ya biya dala miliyan 7.8, bayan hukumar ciniki ta ƙasar ta zarge shi da miƙa bayanan majinyata ga kamfanoni irin su Facebook don talla. A wannan shekarar ce Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a, wadda ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda suke buƙatar tsaro na musamman. A watan Janairun shekarar kuma aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Doka dai ba ta hana abin da muke gani kullum. Mutum ya fita hayyacinsa a kasuwa, matasa su zagaye shi da wayoyi suna ɗaukar bidiyo suna dariya. Shi zai samu sauƙi bayan wata biyu, bidiyon kuwa yana nan a TikTok, wanda zai ɗauke shi aiki zai gani, surukansa za su gani. Ban san wani abu da ya kai wannan hana mutum komawa cikin jama'a ba. Ga kuma masu tallar magani a shafukan sada zumunta, waɗanda suke cewa a zubar da na asibiti a sayi nasu. Sai dai a waɗannan shafuka ne kuma Hauwa Ojeifo ta fito fili ta yi maganar ciwonta, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, wadda ta buɗe layin da mai damuwa zai kira a saurare shi.

Wani zai ce zumunta a ƙafa take, murya a waya ba za ta maye gurbin ziyara ba. Gaskiya ne. Ta waya ba za a ga cewa majinyaci ya rame ba, ko hannunsa yana rawa, ko ƙwayoyin suna nan ƙarƙashin katifa bai sha ba. Yana iya cewa "lafiya lau" alhali babu lafiyar. Wanda yake maganar kashe kansa kuwa, kada a bar shi da waya ko da na'urar hira mai ƙirƙirarriyar basira. A zauna tare da shi, a kai shi asibiti a ranar. Amma a ƙauyen da likitan ƙwaƙwalwa bai taɓa takawa ba, zaɓin da ke gaban iyali shi ne ko kiran waya ko shiru.

Abin da nake so hukumomin lafiya su fara yi ba shi da tsada. Duk wanda za a sallama, a rubuta masa lamba a katinsa, lambar da aka ɗora wa wani ma'aikaci alhakin ɗauka. A karɓi lambar wanda zai kula da shi a gida, da sunan ƙaramin asibitin da ya fi kusa da su, a sanar da ma'aikaciyar wurin. A cikin makon farko asibiti ne zai kira, tun da iyalin da suka sayar da akuya don jinya ba lallai ne su sami kuɗin kati ba. A kuma ware kuɗin katin a cikin kasafin asibiti, domin idan aka bar wa nas ta riƙa kira daga albashinta, ba za a yi wata uku ana yi ba.