Zaɓen Jif Ta Iyali A Ƙasar Bade

Duk magidancin da Allah Ya buɗa wa a Katuzu, ko cikin Gashuwa, ko Nguru, har ya yi niyyar sayen babbar jif domin iyalinsa, lalle zai ji dillali ya ce masa motar nan tana shiga kowane irin yanayi. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai yanayin da masu ƙera ta suke nufi galibi shi ne ƙanƙara da santsin titi irin na Amurka da Turai. A arewacin Jihar Yobe kuwa abokan gāba uku ne, watau taɓon damina, da ƙurar hunturu, da zafin bazara wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Damina ce ta fi wuya. Ruwan sama kan yi ƙarfi a watan Agusta, amma Kogin Yobe da ke ratsa Gashuwa ya fi cika bayan nan, domin sai ruwan Haɗeja da na Jama'are sun gangaro tukuna. Saboda haka sai sama ta washe alhali fadama tana cike, hanyoyin ƙauye kuwa sun zama kwata. Wanda ya ga ambaliyar shekarar 2022 a ƙasar Bade da Jakusko ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A kan kwaltar Nguru zuwa Gashuwa, mai tsawon kimanin kilomita 65, kowace mota sarauniya ce. Inda ake gane jif shi ne inda kwalta ta ƙare, ga mace mai naƙuda a kujerar baya, ga asibiti da nisa.

A nan ne ya kamata mai saye ya san jif iri biyu ce. Akwai wadda aka gina a kan gindin ƙaramar mota aka ɗaga ta sama, kamar Lexus RX 350 da Toyota Highlander, masu daɗin zama da sauƙin shan mai. Akwai kuma wadda aka ɗora a kan ƙashin ƙarfe irin na motar ɗaukar kaya, kamar Land Cruiser da Prado, da 'yan'uwansu na alfarma Lexus LX 570 da GX 460. Waɗannan na biyu suna da giyar ƙarfi ta musamman wadda ke rage gudu ta ninka ja, ita ce ke fid da mota daga laka ko daga rairayin hanyar Yusufari. Na farkon ba su da ita, ko da an rubuta musu cewa ƙafa huɗu ke ja. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Land Cruiser 200 zurfin ruwa santimita 70, kuma wannan iyaka ce ta ruwa mai kwance, ba mai gudu ba. Da zarar injin ya zuƙi ruwa ta hanyar shan iska, to, magana ta koma ta sabon injin.

Range Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a shekarar 1970, ba ta gaza su ƙarfi ba, ta ma fi su tausasa wa mai zama. Amma a kan jakunkunan iska take tsaye maimakon sufirin, na'urori kuma suka yi mata yawa. Ranar da jaka ɗaya ta fashe sai ta durƙusa kamar raƙumi, a shiga neman mai kwamfutar da zai duba ta, a aika Ƙofar Ruwa a Kano, tafiyar fiye da kilomita 300, ko a yi dace ko a jira daga Legas. Dattawa za su tuna dalilin da ya sa Peugeot 504 ta mallaki hanyoyin Arewa bayan buɗe masana'antar Kaduna a shekarar 1975: babu garin da ba a samun bakaniken da ya san cikinta. Yau Toyota ce ta gāji wannan matsayi. Har a cikin gidan ma akwai bambanci, domin LX 570 tana da na'urar ɗaga jiki mai aiki da mai, wadda gyaranta ba na kowa ba ne.

Sa'an nan sai a tambayi inda mota ta fito. Wadda aka ƙera domin ƙasashen Larabawa ta zo da shirin zafi da ƙura, na'urar sanyaya ɗakinta kuma ta fi jure bazara. Ta Amurka takan zo da kujeru masu ɗumama jiki, abin da mutumin Katuzu zai yi marmari na 'yan makonni kaɗai cikin Janairu, wani lokaci kuma da tsatsar gishirin da ake zuba wa tituna saboda ƙanƙara. Mafi muni ita ce wadda ambaliya ta taɓa shanyewa can, aka wanke aka yi gwanjonta. Sai a ɗaga kafet a sansana, a leƙa ƙarƙashi, a kuma sa wanda ya iya ya binciki lambar jikinta ta intanet kafin a ƙirga ko kwabo.

Taya ma abin lura ce, ko da yake samarin gida ba za su so jin haka ba. Ƙafa mai inci 21 ko 22 da siririyar roba ta yi kyau a wurin ɗaurin aure, amma rami ɗaya ya ishe ta. Mai inci 17 ko 18 da roba mai kauri ita ce ake iya rage wa iska a haye rairayi, kuma mai faci na bakin tasha ya iya da ita. Cikin hunturu matatar iska na bukatar kakkaɓa a kai a kai.

Saura batun mai. Injin LX 570 mai silinda takwas yana shan kusan lita 17 a kowace kilomita 100, tun kuwa da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ya zama abin zama a yi da alƙalami. Magidancin da yawancin tafiyarsa Damaturu ce ko Kano, Highlander ta wadace shi. Wanda ke da gona a fadama ko dangi a ƙauye, Prado ko GX 460 ta fi dacewa da shi, in ya so kafin ya biya sai ya tafi da bakanikensa na Gashuwa, ya ji daga bakinsa ko zai iya da ita.