Kicin ɗin Instagram a Dogon Daji

'Yan uwa marubuta, don Allah a daina yi mana ƙarya da kicin. Da an kai amarya a labari, sai a cinye shafi biyu ana lissafa kabad da tayil da fitilu masu walwali a silin. Ko labarin da aka ce a Dogon Daji ya faru, can ƙasar Tambuwal, bai tsira ba.

Za ku ce mai karatu mafarki yake so. Na ji. To ko mafarkin ba ku iya shi ba. Ƙwan da ke tsakiyar silin a bayan mai girki yake, inuwarta ce ke sauka kan wuƙa da albasa. Shi ya sa masu gyaran kicin ke liƙa siririyar fitilar LED a ƙarƙashin kabad ɗin sama, dab da bakinsa na gaba, haske ya faɗa inda hannu ke aiki. Mai volt 12 ma batirin sola na ɗaukarta. Ku kuwa kun rataya wa amarya fitilar kwalliya, kun bar ta tana tsince shinkafa a inuwarta.

Madafin da muka sani fa? Murhu, itace, hayaƙi, sai tocilar waya a maƙale a ɗankwali, tunda kananzir ya yi tsada. An ɗauke wuta tun la'asar, mace na tuƙa tuwo bayan magariba, caji saura kashi 5, maigida ya dawo daga masallaci yana gyaran murya a zaure. A cikinku wa ya taɓa ba ta shafi ɗaya?