Carbi, giciye da talaka

Mai karatu, ni baƙo ne a Bauchi, amma zaman Gwallameji ya nuna mini wani abu. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, Musulmi da Kirista, tsadar haya ɗaya ke cin su, duhu ɗaya suke kwana idan an ɗauke wuta. Sai zaɓe ya matso a raba su da sunan addini.

A garin nan fa Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka fara gwagwarmaya a shekarun 1940. Masana Alƙur'ani ne, da shi suka ja da zaluncin En'e. Kan wannan turba NEPU ta tashi a 1950, PRP a 1978. Kiristoci ma sun yi irinta: Nyerere na Tanzaniya, ɗan Katolika, ya shelanta gurguzun Ujama'a a Arusha a 1967, Fada Gutiérrez na Peru ya rubuta littafi a 1971 cewa coci na talakawa ne.

Ni ban ce a raba addini da siyasa ba, a ƙasar nan ba zai yiwu ba. Amma duk ɗan takarar da ya zo da carbi ko giciye, mu tambaye shi: me ka yi wa ɗan garuwa?

Allah Ya sa mu gane.